Asabar ɗin da ruwa ya ƙi sauka

Tun da Magdalina ta yi wayo ba ta taɓa roƙon Allah ya ɓata rana mai kyau ba, sai ranar Asabar ɗin nan.

Da sassafe ta fito tsakar gida ta ɗaga kai. Sama wasai, kamar an wanke ta an shanya. Ruwan da aka tafka jiya Juma'a da yamma ya cika duk wata kwata da ke unguwar Fadikpe a Minna, kwaɗi har yanzu ba su gama murna ba. Amma gajimare ko mai faɗin tafin hannu babu.

Ta waiga wajen rumbu. Akwai wani tsohon talo-talo mai ido ɗaya a gidan, wanda in hadari na tafe shi ke fara sani, ya shige ƙarƙashin rumbu ya yi lamo tun kafin iska ta kaɗa. Yau kuwa ga shi a tsakiyar fili, ya baza wutsiya yana taƙama.

"Kai ma ka ƙi ni," ta ce a hankali.

"Me kike nema a sama tun ɗazu?" in ji mahaifiyarta, Mama Margaret, daga bakin murhu. "Ajiya kika yi a can? Zo ki fere doyar nan. Maza suna gona tun asuba, ke kina nan kina hira da talo-talo."

Ta zo ta zauna ta ɗauki wuƙa. Doya ɗaya ta fere, rabinta ya bi ɓawo.

"Ke, lafiyarki? Yau fa ranar farin cikinki ce. Makaɗin naki ya zo da garmarsa, da idona na gan shi."

"Na sani, Mama."

Ta sani kuwa, fiye da kowa. Ita ta kawo shi.

Mahaifinta, Baba Shekwolo, manomi ne ɗan manomi. Kakanninsa suna noma ƙasar nan tun jirgin ƙasa bai san hanyar Minna ba. Shi kuwa Ebenezer, saurayin da take so, iyayensa daga kudancin Kaduna suka zo, aikin jirgin ne ya kawo mahaifinsa. Ba shi da gona, ba shi da ko kunyar gyaɗa. Jita yake kaɗawa, yana da ƙungiyarsa ta mawaƙa, suna yi a coci da wuraren biki.

Ranar da ya fara zuwa gaisuwa, Baba Shekwolo bai dubi fuskarsa ba, hannunsa ya duba. Bayan ya tafi ya ce, "Tafinsa kamar na jariri. Da wannan zai riƙe mini 'ya?"

Wanda Baba yake so shi ne Gimba, ɗan amininsa. Gimba yana da kekunan haya a Bosso, yana da gona, kuma in ya kama garma sai an roƙe shi ya ajiye.

Magdalina ta yi kuka, ta ƙi abinci, Mama ta sa baki. A ƙarshe Baba ya kira samarin biyu ya zaunar da su a kan benci guda.

"A gidanmu ba a karɓar miji daga zaune," ya ce. "Kun ga ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, dawata tana jiran huɗa da dashe. Duk ranar da aka yi ruwa mai jiƙa ƙasa, washegari mai son Magdalina ya zo gonata da garmarsa da mutanensa. Wanda bai zo ba ya ba ni amsarsa ke nan."

Aka shiga jiran ruwa. A cikin jiran ne ranar Bikin Waƙoƙin Damina ta matso.

Tun bara Ebenezer yake bin wannan biki. Shi ya kawo shawararsa, shi ya yi ta zirga-zirga har aka samu wani buɗaɗɗen fili a unguwar Tunga. Ya gayyato mawaƙa daga Jos da Kaduna da Bida. Wani mai ɗakin ɗaukar waƙa a Abuja ya yi alkawarin zuwa don ya saurari ƙungiyarsa. Abu ɗaya ne ke hana 'yan kwamiti barci: fili ne babu rufi, ga manyan lasifikoki na haya, kuma watan Agusta ne.

Ita kuwa Magdalina a wani gidan rediyo take aiki a Tunga. Ita ke karanta hasashen yanayi a shirin manoma na sassafe.

Ranar Laraba hasashen ƙarshen mako ya iso teburinta. Juma'a da yamma ruwa mai ƙarfi. Asabar rana tun safe har faɗuwarta.

Ta karanta, ta sake karantawa. Ruwan Juma'a yana nufin Asabar ranar gona ce. Kuma Asabar ce ranar biki.

Da ta tashi aiki ta tarar da Ebenezer a bakin ƙofa a kan babur ɗinsa, yana murmushi.

"Mai ganin sama, 'yan kwamiti suna zaune suna jirana. Faɗa mini gaskiya. Yaya Asabar take?"

Ta san in ta faɗi gaskiya, ranar Asabar zai tsaya tsakanin jita da garma. Abin da ba ta sani ba shi ne wacce zai ɗauka. Kuma ba ta son ta sani.

"Ruwa ne," ta ji bakinta ya ce. "Da iska mai ƙarfi. Tun daga azahar."

Murmushin ya gudu daga fuskarsa. Ya zaro waya ya duba.

"Amma wayata rana take nunawa."

"Waya ka yarda da ita ko ni?"

Ya dube ta ya jima, sannan ya mayar da wayar aljihu.

"Ke mana, Magda."

A ranar aka ɗage bikin sai bayan damina.

Washegari Alhamis da ta zauna gaban makirufo, sai ta karanta hasashen yadda yake. Mutum ɗaya ta iya yi wa ƙarya, amma ta kasa yi wa manoman da ke jiran ruwa kamar ransu. Ta san Ebenezer ba ya jin shirin manoma, a lokacin bai tashi daga gajiyar gwajin waƙa ba. 'Yan kwamiti ma 'yan gari ne, tashar kiɗa suke kamawa.

Abin da ya rage mata yanzu shi ne sama ta rufa mata asiri. Ko yayyafi ne, ko baƙin hadari da zai taso ya watse.

*

A Asabar ɗin, rana ta take tsaka lokacin da ita da Mama suka sauka daga keke a bayan Bosso, suka bi 'yar hanyar gona. Mama ta ɗora babbar robar abinci a kafaɗa irin yadda matan gidansu suka gada, Magdalina tana biye da jarkar kunu.

Tun daga nesa ana gane aikin kowa. Ɓangaren Gimba da mutanensa layuka ne miƙaƙƙu kamar an ja da zare. Ɓangaren mawaƙa kuwa sai ka rantse shanu ne suka yi faɗa a wurin.

"Makaɗi!" Gimba ya ɗaga murya yana share gumi. "Wannan huɗa ce ko sawun maciji?"

Edward, mai ganga a ƙungiyar Ebenezer, ya miƙe yana dafe da ƙugu. Da farin kambas ya zo gona, yanzu ba a gane launinsa.

"Ranka ya daɗe, mu da kiɗa muka saba. Ka taɓa jin kiɗan da ke tafiya a miƙe?"

"To ku kaɗa wa dawar, wataƙila ta fito don kunya."

Aka kwashe da dariya. Ebenezer bai ɗago ba. Ya daɗa kafta garma a ƙasa, ya ja, ya matsa gaba. Rigarsa ta manne a bayansa.

Gimba ya ɗaga kai sama ya kare ido da tafin hannu.

"Af, ashe yau ne za ku yi bikin nan naku, ko? Kai! Dubi rana kamar an yi odarta."

Wannan karon mawaƙan ba su yi dariya ba. Ɗaya bayan ɗaya suka dubi sama, sannan suka dubi Magdalina, sannan suka sunkuyar da kai.

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Aka taru a inuwar wata ɗorawa. Ta ɗauki buta tana zuba wa maza ruwan wanke hannu. Da ta iso kan Ebenezer ya miƙo nasa, sai butar ta kusa suɓuce mata. Tafukan duk bororo ne, wasu sun fashe, ƙasa ta shiga ciki. Yatsun da yake danna tsirkiyar jita da su sun kumbura sun yi jajir.

"Eben..."

"Ba komai. Zuba kawai."

Ta zuba. Ya cije leɓe. Hawaye ya gangaro mata ya haɗu da ruwan.

Ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Na ga tun da kika zo kina kallon sama. Kada ki sa abin a ranki, Magda. Ba ke kika yi sama ba. Masu na'urorin ma mutane ne, suna kuskure."

"Don Allah ka daina."

"Gaskiya nake faɗa miki. Edward ya so ya yi magana ɗazu, na ce duk wanda ya taɓa ki ya taɓa ni."

"Mutanen Jos fa? Za su dawo bayan damina?"

Ya girgiza kai.

"Sun ce sun riga sun karɓi wasu wuraren. Na Abuja ya ce in neme shi wani lokaci. Kin san irin wannan maganar." Ya dubi tafin hannunsa. "Wanda ya fi tsaya mini a rai wani tsoho ne mai goge daga Bida. In yana magana da kai sai ya riƙa juyawa yana tambayar gogen nasa ko ya yarda. Ya ɗinka sabuwar riga saboda yau. Da na kira shi, ya ce ba komai ɗana, amma ni da gogen nan mun daina yi wa baɗi alkawari."

Magdalina ta ajiye butar ta juya baya, ta danna bakin mayafi a bakinta.

Da zaginta ya yi, da ta fi samun sauƙi.

Baba Shekwolo ya iso daga zagayen gona, hannuwa a baya. Ya zauna a kan wani kututture, aka miƙa masa doya da manja. Ya ci loma biyu kafin ya yi magana.

"Gimba, aikinka ya yi kyau. Ɗan gida ne kai, ban yi mamaki ba."

"Na gode, Baba."

"Kai kuma." Ya juya ga Ebenezer. "Tun da nake ban taɓa ganin mummunar huɗa irin taka ba."

Mutanen Gimba suka soma dariya. Baba ya ɗaga hannu, suka yi tsit.

"Amma ina kallonka tun asuba. Ba ka zauna ba, ba ka nemi inuwa ba. Gimba abin da ya iya ya kawo mini. Kai kuwa abin da ba ka iya ba ka kawo, ka tsaya a kansa har hannunka ya yi jini. Kuma na ji labari a gari. An ce babban biki ka shirya yau, mutane daga garuruwa, ka rushe shi don ka zo gonata. Wannan ya shige ni, yaro. Ban zaci akwai makaɗin da zai bar taro saboda dawa ba."

Magdalina ta runtse ido. Ka yi shiru, Eben. Don girman Allah ka yi shiru.

Amma Ebenezer ba mutum ba ne mai cin yabon da ba nasa ba.

"Baba, ku yi haƙuri, ba haka abin yake ba. Ruwa muka ji wa tsoro. An ce mana yau za a yi ruwa da iska, shi ya sa muka ɗage."

Baba ya tsaya da loma a hannu.

"Ruwa? Yau? Wane maƙaryaci ne ya gaya maka?" Ya nuna Magdalina da alfahari. "Ga mai faɗar sama nan a gidana. Tun Alhamis da safe ta faɗa a rediyo, da kunnena na ji. Ta ce Juma'a ruwa, Asabar rana har faɗuwarta. Shi ya sa na sa aka wasa garemani tun kafin hadari ya taso. 'Yar nan ba ta taɓa kayar da ni ba."

Ba wanda ya motsa. Can nesa wata kurciya tana ta kuka ita kaɗai.

Ebenezer ya juyo a hankali ya dubi Magdalina. Ba fushi ta gani a idonsa ba. Kallo ne irin na wanda ya dawo gida ya tarar an canja ƙofa.

Edward ya buɗe baki. Ebenezer ya dafa gwiwarsa da kumburarren hannu.

"Wataƙila ni ne ban ji daidai ba, Baba," ya ce.

Baba Shekwolo ya fashe da dariya har da bugun cinya.

"Margaret, kin ji shi? Kunya yake ji a ce ya bar biki saboda mace! Ya laƙa wa ruwa. Haka nake son namiji, ya yi abu bai yi tutiya ba."

Mama ta yi murmushi, amma idonta yana kan 'yarta.

Da aka tashi komawa aiki, Gimba ya bi ta gefen Magdalina kamar zai ɗauki kofin kunu. Bai dube ta ba ya ce, "Ni ma ina jin shirin manoma, ƙanwata. Kuma ɗaya daga cikin direbobina ɗan kwamitin bikin ne. Na san wa aka ce ya faɗi ruwan."

Ya shanye kunun ya wuce.

*

Da la'asar aka gama, aka rako Baba gida. Mazan suka wanke ƙafa a bakin rijiya, Mama ta raba musu sauran kunu, suka soma watsewa.

Kafin Baba ya shiga ɗaki ya kira Ebenezer.

"Abin da muke yi a gidan nan ke nan tun kakana. Wanda ya yi aikin surukai, in yana nan a kan maganarsa, ba ya tafiya da garmarsa. Yakan jingine ta a gindin rumbu. Ga ta Gimba can, ya jingine tun shigowarmu. In na fito na ga taka kusa da ita, taka zan ɗauka in kai ɗakina, kai kuma ka turo iyayenka. In tasa kaɗai na gani, to, na san inda zan dosa."

Ya shige ya saki labule.

Ebenezer ya tsaya da garma a hannu. Bai nufi rumbu ba. Ya juya ya fita ƙofar gida, inda ya ajiye babur ɗinsa a gindin mangwaro.

Magdalina ta bi shi da gudu, ko takalmi babu.

"Eben, tsaya. Don Allah ka saurare ni."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Laraba."

"Kafin in zo, ko bayan na tafi?"

Ta kawar da kai.

"Kafin ka zo."

Ya gyaɗa kai. Sai yanzu ya juyo.

"Na tsaya gaban mutane, Magda. Akwai dattawan coci a wurin, akwai shugabannin matasa. Wani ya ɗaga mini wayarsa ya ce ga rana nan. Na ce ya mayar da ita aljihu. Kin san me na ce masa? Na ce wadda zan aura ce ta faɗa, kuma ita ba ta ƙarya."

Ta durƙushe a gabansa, kuka ya ƙwace mata.

"Tsoro na ji. Allah ya sani tsoro ne."

"Tsoron me?"

"Tsoron kada ka zaɓi jita. Na ga yadda idonka ke haske in kana maganar bikin nan. Tun bara ba ka da wata hira sai shi. Na ce in Asabar ta zo ka tafi Tunga, Baba zai ba Gimba, ni kuma in rayu ina sanin abin da ya fi ni a wurinka. Ba zan iya ba, Eben."

"Da kin tambaye ni."

"Da na tambaye ka me za ka ce?"

Wani keke ya wuce yana fesa ruwan jiya. Ta ɗago jiƙaƙƙiyar fuska tana jiran amsa.

"Ban sani ba," ya ce.

Ta sake fashewa da kuka.

"Kin gani? Gaskiya ke nan, ban sani ba. Wataƙila in zo gona da asuba in yi iyakar ƙarfina, da azahar in ruga Tunga. Wataƙila in zo in kwanta a gaban Baba in roƙe shi ya ba ni Litinin. Wataƙila in bar bikin da kaina, da bakina, in san ni na bar shi saboda ke. Da na yi haka, ko hannun nan ya ruɓe ba zan ji zafi ba. Amma ba ki bar ni na kai wurin ba. Kin rufe mini ido kin ja ni kamar akuya zuwa kasuwa."

"Ka yafe mini."

"Yanzu ke ba ki san me zan zaɓa ba, ni ma ban sani ba. Kuma ba za mu taɓa sani ba."

"Zan gyara. Gobe bayan coci zan je gaban 'yan kwamiti in ce ni ce. Zan kira mutanen Jos, zan je Bida da ƙafata in durƙusa wa tsohon nan."

"Ki je. Kafin ki dawo magana ta iso kunnen Baba. Ya ji cewa ban bar komai saboda gonarsa ba, ruɗata aka yi. Me ya rage mini a wurinsa? Mummunar huɗa."

"To in yi shiru?"

"Ki yi shiru, ni kuma in shiga gidanku da yabon da ba nawa ba. Duk shekara in an zauna cin sabuwar doya, Baba ya nuna ni ya ce ga surukina da ya rushe biki saboda dawata. Ni in sunkuyar da kai, ke ki sunkuyar. Har 'ya'yanmu su haddace labarin."

"Gimba ma ya sani," ta ce cikin shessheƙa. "Ya gaya mini a gona."

Ebenezer ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ashe mu uku ne za mu riƙa sunkuyar da kai."

Ta kama gefen wandonsa da ya sha laka.

"Ka ce ba ka sona, in san na rasa ka. Amma kada ka tafi haka."

"Da ba na sonki, da a gona na tona ki. Lokacin da Baba yake magana, abin da ya fara zuwa raina ba bikin ba ne. Cewa na yi, kada su ga fuskarta. Kin ji irin wautata? Kin kashe mini abin da na fi so bayanki, ni kuma ina neman mayafin da zan rufe ki."

Ya goge ido da bayan hannu, don tafin ba ya taɓuwa.

"Tashi. Mutane na wucewa."

Ta miƙe da kyar. Ya dubi garmar da ke hannunsa. Sabuwa ce, ya saye ta tun ranar da Baba ya kafa sharaɗi. Ƙotar ta yi duhu a inda ya riƙe ta yini guda.

Ya miƙa mata.

"Karɓi."

"Me zan yi da ita?"

"Ranar Laraba kin yanke mini hukunci ba ki tambaye ni ba. Kin iya. To ga wani. In kin ga za ki iya zama da ni a kan maganar da Baba ya yi a gona, ga rumbu can, ki jingine ta. In kin ga sai ya san gaskiya tukuna, ki shiga da ita ɗakinsa ki faɗa masa da bakinki, ya yi abin da ya ga dama. In kuma duk ba za ki iya ba, ki bar ta nan gindin mangwaro, gobe Edward zai zo ya ɗauka."

"Eben, kada ka ɗora mini wannan. Kai me kake so?"

"Yau ba ki da ikon tambayata."

Ya saki ƙotar a hannunta. Nauyin ya ja ta har ta yi taga-taga.

Ya hau babur. Sau biyu yana kama hannun babur ɗin yana saki saboda zafi, a na uku ya cije ya murɗa. Bai waiwayo ba har ya sha kwanar da ke fita babban titi.

Magdalina ta tsaya ita kaɗai. Rana tana gangarawa bayan duwatsu, jajir, cikakkiya, babu abin da ya tare ta. A irin wannan lokacin ne da ƙungiyarsa za ta hau dandamali a Tunga.

Ta taka har bakin ƙofar gida. Daga nan tana hango rumbu a hannun dama, garmar Gimba a jingine ita kaɗai. A hannun hagu ga labulen ɗakin mahaifinta. Mama tana tsaye a bakin murhu da muciya a hannu, ta daina tuƙi, tana kallonta.

Labulen ya motsa. Ta ji Baba yana laluben takalmansa.

"Magdalina!" ya kira daga ciki, muryarsa cike da fara'a. "Duba mini gindin rumbu. Garma nawa ce a wurin?"

Ta ƙanƙame ƙotar da hannu biyu. Har yanzu da ɗumin hannunsa a jiki.

"Magdalina, ba ki ji ni ba ne?"

"Na ji, Baba," ta ce. "Kada ku fito. Ga ni nan shigowa."